Majami'ar Yahudawa da Aikin Gwanaye a Cikinta



Akwai wata kalma da muke faɗa kowane mako, wato majami'a. Da ita muke kiran ɗakin da muke taruwa ranar Lahadi. Amma idan mun buɗe Sabon Alkawari, za mu ga cewa kalmar tana nufin ɗakin taron Yahudawa ne. A Luka 4 an gaya mana Yesu ya saba shiga majami'a ranar Asabar. A Markus 5 mun sadu da Yayirus, shugaban majami'a. Bulus kuma, kusan duk garin da ya shiga, majami'a yakan fara nema.

Akan yi mana tambayoyi biyu game da wannan ɗaki. Tun da Dokoki Goma sun hana yin siffofi, ashe majami'ar Yahudawa ba ta da ado ko kaɗan? Kuma tun da Zabura cike take da zancen garaya da molo da kuge, me ya sa Yahudawa da yawa ba sa kiɗa a sujadarsu ta Asabar? Yau za mu bi waɗannan tambayoyi a hankali.

Daga Haikali zuwa majami'a

Haikali ɗaya ne tak, a Urushalima. A can firistoci suke miƙa hadaya, Lawiyawa kuma suna waƙa. A shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, Babiloniyawa suka ƙone shi, suka kwashi mutane zuwa bauta. Masana da yawa suna ganin a wannan zaman baƙunci ne mutanen suka koyi taruwa domin addu'a da karatu ba tare da bagadin hadaya ba. Rubutun da ya fi tsufa da ya ambaci ɗakunan addu'ar Yahudawa an same shi a Masar, daga ƙarni na 3 kafin Almasihu.

A zamanin Yesu, Haikali na biyu da majami'u suna nan tare. A shekara ta 1913 an tono wani dutse a Urushalima mai ɗauke da rubutun wani mutum mai suna Tiyodotus. Ya ce ya gina majami'a domin karatun Attaura da koyar da dokoki, da kuma ɗakunan saukar baƙi masu zuwa daga nesa. A 2009 kuma aka gano majami'a ta ƙarni na farko a Magadala, bakin Tekun Galili, da kujerun dutse kewaye da bango.

Sai shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu ta zo. Sojojin Roma suka rushe Haikali na biyu, hadaya ta tsaya har wa yau. Abin da ya riƙe jama'ar daga nan gaba shi ne majami'a. Yahudawa suna kiranta da sunaye uku a Ibrananci, waɗanda ma'anarsu ita ce gidan taro, gidan addu'a, da gidan karatu.

Yadda jama'a ke tafiyar da ita

Majami'a ba ta bukatar firist kafin a yi sujada. Abin da take bukata shi ne mutum goma da suka balaga. Ana kiran wannan adadi minyan. Idan tara ne suka zo, ko da dukansu manyan malamai ne, akwai addu'o'in da ba za a yi ba, ba za a kuma fito da littafin Attaura ba. Idan na goma ya shigo, ko da yaro ne ɗan shekara 13, sai a fara. Wanda yake makokin mahaifinsa ma yana bukatar waɗannan goma kafin ya yi addu'ar da aka ba masu makoki, don haka maƙwabta sukan zo domin kada ya rasa.

Ana addu'a sau uku a rana, da safe, da la'asar, da dare. Ana karanta Attaura, wato littattafan Musa biyar, ranar Asabar da Litinin da Alhamis. An raba ta kashi 54 domin a sauke ta cikin shekara guda. Ranar Asabar da safe akan kira mutum bakwai ɗaya bayan ɗaya su hau dakalin karatu, daga baya a karanta wani sashe daga Annabawa. Wannan tsari ne muke gani a Ayyukan Manzanni 13:15, inda aka gama karatun Attaura da Annabawa kafin a ba Bulus dama ya yi magana.

Akwai wani abu da zai yi mana daɗin ji, mu da muka saba da tafinta a sujada. Da talakawa suka daina jin Ibrananci sosai, suka koma Aramiyanci, sai aka sa mai fassara ya tsaya kusa da mai karatu. Mai karatu ya karanta aya ɗaya, mai fassara ya mayar da ita cikin harshen gida. Da ka yake fassarawa, ba ya duba takarda, domin kada mutane su ɗauka fassarar tana cikin naɗaɗɗen littafin. Yahudawan da asalinsu Yaman ne sun riƙe wannan al'ada har zuwa zamaninmu.

Rabbi malami ne, mai koyarwa da yanke hukunci bisa ga Attaura. Mai jagorar addu'a da waƙa kuwa ana kiransa hazzan. Akwai kuma masu kula da asusun taimakon matalauta, da ƙungiyar masu wanke gawa da binne ta.

Littafin da ake rubutawa da hannu

Idan mun shiga majami'a, abin da idonmu zai fara kamawa shi ne wani akwati ko kabad a jikin bangon da ke fuskantar Urushalima. A cikinsa ake ajiye naɗaɗɗun littattafan Attaura. Labule yana rufe shi, kamar labulen Wuri Mafi Tsarki, fitila kuma tana ci a gabansa dare da rana.

Babban aikin gwaninta a ɗakin shi ne littafin kansa. Marubucin, wanda ake kira sofer, yana rubutu a kan fatar dabba mai tsarki, da alƙalamin gashin tsuntsu ko na kara, da baƙar tawada. Ba ya rubutu da ka, sai yana duban wani kofi, yana furta kowace kalma kafin ya rubuta ta. Haruffan littafin 304,805 ne. Idan ɗaya ya ɓace ko ya lalace, ba za a karanta littafin a gaban jama'a ba sai an gyara. Aikin yakan ci shekara guda ko fiye. Da jijiyar dabba ake ɗinke fatun. Idan littafin ya tsufa har ba ya gyaruwa, akan binne shi a maƙabarta da girmamawa.

Daga nan sauran gwanaye suke samun nasu aiki. Masu ɗinki sukan yi wa littafin riga mai ado. Maƙeran azurfa sukan ƙera masa kambi, ko kawuna biyu masu kamar 'ya'yan rumman da ƙananan ƙararrawa, yadda idan an ɗauko shi jama'a za su ji ƙarar su miƙe tsaye. Sukan kuma ƙera ɗan sanda mai ƙaramin hannu a bakinsa, domin mai karatu ya bi layi ba tare da yatsansa ya taɓa rubutun ba. Yahudawan Iraƙi da Yaman da wasu ƙasashen gabas sukan sa littafin a cikin gidan katako ko na azurfa maimakon riga.

Mata ma suna da babban hannu a ciki. A ƙasar Jamus akwai al'adar ɗaukar zanen da aka naɗe jariri da shi ranar kaciya. Sai a yanka shi, a ɗinke ya zama doguwar ɗamara, a yi mata ado da sunan yaron da ranar haihuwarsa, da fatan ya girma ya san Attaura, ya yi aure, ya yi ayyukan kirki. Idan yaron ya ɗan tasa, sai a kawo shi majami'a ya miƙa ɗamarar, a ɗaure littafin Attaura da ita.

Me ya sa duk wannan wahala? Malamansu na dā sun ɗauko koyarwa daga waƙar Musa a Fitowa 15:2. Suka ce idan mutum zai cika wata doka, ya cika ta da abu mai kyan gani: bukka mai kyau a Idin Bukkoki, ƙaho mai kyau, littafi mai kyan rubutu a cikin kyalle mai kyau. A wurinsu ado hanya ce ta girmama Mai ba da doka.

Doka ta biyu da masu zane

To, ina batun hana siffofi? A Fitowa 20 aka ba da dokar. Amma a Fitowa 31, a cikin littafi ɗaya, Allah ya kira Bezalel da suna, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙa. A kan akwatin alkawari kuma akwai kerubobi biyu na zinariya. Labarin macijin tagulla ya nuna inda iyakar take. Musa ne ya yi shi bisa ga umarnin Allah, amma da mutane suka fara ƙona masa turare, sai sarki Hezekiya ya farfashe shi, kamar yadda 2 Sarakuna 18:4 ta nuna. Abin da aka hana shi ne bauta wa aikin hannu.

Duk da haka, an daɗe ana zaton tsoffin majami'u ba su da zanen mutum ko dabba. Sai ƙasa ta tona asiri. A shekara ta 1932, a wani kufai mai suna Dura Yuropos a bakin Kogin Yufiretis a Siriya, masu bincike suka tono majami'ar da aka gama wajen shekara ta 245. Bangonta cike yake da zane mai launi. Ga jariri Musa ana ɗauko shi daga kogi, ga ƙetare teku, ga Sama'ila yana shafa wa Dawuda mai, ga kwarin busassun ƙasusuwa na Ezekiyel, ga Esta da Mordekai. Allah kuwa ba a zana shi ba, sai dai hannu yana fitowa daga sama. Abin da ya adana zanen shi ne yaƙi. Wajen shekara ta 256 masu tsaron garin suka cika ginin da ƙasa domin su ƙarfafa ganuwa, ƙasar ta rufe bangon fiye da shekara 1,600. Daga baya aka kai zanen gidan adana kayan tarihi a Dimashƙu.

Kafin wannan, a 1928, manoma masu haƙa hanyar ruwa a Bet Alfa suka ci karo da daɓen majami'a ta ƙarni na 6, wanda aka yi da ƙananan duwatsu masu launi. An nuna Ibrahim zai miƙa Ishaku, ga rago a sarƙafe. Masu aikin har sun bar sunansu, Mariyanos da ɗansa Hanina. Daga 2012 kuma aka riƙa tono irin wannan daɓe a Hukok ta Galili, da labarin Samson, da jirgin Nuhu, da Yunusa a bakin kifi.

Ba kowa ne ya yarda ba. A majami'ar Na'aran kusa da Yariko, an ciccire siffofin mutane da dabbobi daga daɓen da gangan, aka bar rubutun. A ƙarnukan da suka biyo baya, yawancin jama'o'i sun guji zanen mutum a ɗakin sujada. Gwanaye suka koma ga haruffa, furanni, inabi, tsuntsaye, alkuki mai rassa bakwai, da zakuna biyu masu riƙe da allunan Dokoki Goma. A Toledo ta ƙasar Sifen, wajen 1357, aka gina majami'ar da aka ƙawata bangonta da ayoyin Zabura cikin kyakkyawan rubutun Ibrananci. A Folan an yi majami'u na katako waɗanda aka zane rufinsu na ciki da launi iri iri. A 1962 Mark Shagal ya yi tagogi 12 na gilashi mai launi domin majami'ar asibitin Hadassa a Urushalima, taga ɗaya ga kowace kabilar Isra'ila. Ya cika su da dabbobi da kifaye da furanni, bai sa fuskar mutum ba.

Muryar da ta gaji garaya

A Haikali kiɗa ya yi yawa. Littafin 1 Tarihi ya ƙidaya Lawiyawa 4,000 masu yabo da kayan kiɗa, da horarrun mawaƙa 288. Bayan rushewar Haikali sai aka ajiye kayan kiɗa a sujada, bisa dalilai biyu. Na farko makoki ne saboda gidan da aka rasa. Na biyu dokar Asabar ce. Malamai sun ji tsoro kada tsirkiya ta tsinke, makaɗi ya manta ya gyara, ya zama ya yi aiki a ranar hutu. Abin busa guda da ya saura shi ne ƙahon rago, wanda ake kira shofar. Ana busa shi a Sabuwar Shekararsu da kuma ƙarshen Ranar Kafara. Ba a amfani da ƙahon saniya, saboda tunawa da ɗan maraƙin zinariya.

Da aka rasa garaya, sai murya ta ɗauki dukan nauyin. Ba a karanta Attaura kamar yadda ake karanta jarida, rera ta ake yi. Malaman Tibariya sun ƙirƙiro alamomi a sama da ƙasan kalmomi, masu nuna inda murya za ta hau, inda za ta sauka, da inda za a dakata. Mafi shaharar littafin da ke ɗauke da su an rubuta shi wajen shekara ta 930. Amma naɗaɗɗen littafin majami'a ba shi da waɗannan alamomi, ba shi ma da wasula, don haka dole mai karatu ya haddace su tun a gida. Yaro yakan yi watanni yana koyon sashensa kafin ranar da zai fara karatu a gaban jama'a.

Alamomin iri ɗaya ne, amma kowace ƙasa da muryarta. Bayahuden Maroko yana rerawa dabam da na Folan. Yahudawan Halab a Siriya sukan zaɓi karin waƙar Larabawa da ya dace da karatun makon, na murna ga labarin murna, na baƙin ciki ga labarin mutuwa. Yahudawan Habasha sun yi addu'a da tsohon harshen Gi'iz, suna haɗawa da ganga da kuge a wasu ranaku. Mawaƙa kamar Yahuda Halebi, wanda ya rasu a 1141, sun rubuta waƙoƙin da aka shigar cikin littafin addu'a. A ƙarni na 18 a gabashin Turai, mabiya tafarkin Hasidim suka yawaita waƙar da ba ta da kalmomi, suna cewa akwai abin da zuciya ke faɗa wanda baki ba shi da kalmarsa. Rawa ma tana da ranarta. Ranar da aka sauke Attaura, akan fito da dukan littattafan a rungume su, a zaga ɗakin da su sau bakwai ana rawa, nan take kuma a sake farawa daga Farawa.

Gardama a kan sabon kiɗa

Kamar yadda muka sani a namu jama'o'in, sabon salo yakan jawo gardama. A 1623 wani mawaƙi na Mantuwa a Italiya, Salamon Rossi, ya fitar da waƙoƙin Ibrananci 33 masu muryoyi dabam dabam irin na ƙungiyar mawaƙa. Sai da wani babban malami, Liyon Modena, ya rubuta hujjar kāre shi.

Babbar gardamar ta zo a Jamus. A 1810 Isra'ila Yakobson ya sa ogan, babban abin kiɗan nan mai bututai, a ɗakin sujada a garin Zezen, ya kuma kawo wa'azi da Jamusanci. A 1818 wata jama'a a Hambug ta bi sahu. A 1819 malamai masu riƙon al'ada suka fitar da wasiƙun ƙin yarda. Suka ce hakan karya Asabar ne, manta makokin Haikali ne, kwaikwayon maƙwabta ne. Masu sabon salon suka amsa cewa matasa suna barin majami'a domin ba sa fahimtar abin da ake yi.

Gardamar ta raba su har yau. A majami'un masu riƙon al'ada, murya kaɗai ake ji ranar Asabar, maza da mata suna zama dabam. A na masu sauyi akan ji ogan ko jita, a yi addu'a da harshen ƙasa tare da Ibrananci, iyali su zauna wuri ɗaya. A Amurka sun naɗa mace ta zama rabbi a 1972, wata kuma ta zama hazzan a 1975.

Abin da wuta ta ci

A daren 9 ga Nuwamba 1938, 'yan Nazi suka ƙone ɗaruruwan majami'u a Jamus da Ostiriya. A yaƙin da ya biyo baya aka kashe Yahudawa miliyan shida, majami'un katako na Folan suka zama toka. Amma wani abu ya tsira. An tara littattafan Attaura na jama'o'in ƙasar Cek a birnin Firag. A 1964 aka kai 1,564 daga cikinsu Landan, aka yi shekaru ana gyara waɗanda za su gyaru, aka rarraba su aro ga majami'u a ƙasashe da yawa. Masu su sun mutu, amma wasu yara suna karanta rubutun da kakannin wasu suka bari. Mu ma da muka san zafin ganin ɗakin sujada ya ƙone, ya kamata wannan labari ya sa mu tausayi, ya kuma hana bakinmu maganar reni a kan Yahudawa.

Abin da za mu riƙe

'Yan'uwa, karatun Littafi a gaban jama'a, da wa'azi bayan karatu, da amsa Amin, da Halleluya, duk mun gāje su daga wannan gida. Mun ga cewa mutum goma sun isa jama'a. Mun ga cewa an ba mai ɗinki da maƙeri da mawaƙi wuri, muddin aikinsu yana jan ido da kunne zuwa ga Maganar da ake karantawa. Mun kuma ga cewa an damu ƙwarai talaka ya ji da harshen da yake fahimta.

Ga tambayoyi da za ku tattauna a gida. Waɗanne gwanaye ne suke cikin jama'arku da ba a taɓa neman aikin hannunsu ba? Ta yaya za a gane ado ya fara zama kamar macijin tagulla? Tsofaffi da yaran gidanku, da wane harshe suka fi fahimtar karatun da ake yi?